Yadda ƙarami ke zama da babba: Butan, kamar yadda ake hangenta daga Maradi

A cikin makon farko na watan Agustan 2023, bayan da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi saboda juyin mulkin soja, Najeriya kuma ta garƙame iyakarta, na raka kawuna zuwa Ɗan Isa domin ya ga halin da kamiyonsa yake ciki. An yi wa motar lodin aya za a kai Jibiya, sai rufewar ta rutsa da ita a layi tare da wasu motoci masu yawa. Mun tarar da direban da yaronsa sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna dafa shayi, tamfol ɗin da aka lulluɓe kayan da shi ya yage ta gefe guda, ruwan damina kuma ya riga ya jiƙa buhunan sama. Kawu ya sa aka sauke buhu ɗaya, ya kwance bakinsa, ya damƙo ayar ya shinshina, bai ce uffan ba. Sai da muka kamo hanyar gida sannan ya juyo ya ce mini: "Kai ɗan nan, kai da ka yi lakwal mai zurfi, a cikin karatunku babu inda aka rubuta yadda ƙarami ke zama da babba ba a take shi ba?" Na ce, "Allah ya kyauta, Kawu," domin a ranar ba ni da amsar da ta wuce wannan. Da muka iso Maradi muka tarar da gari cikin duhu, saboda layin da ke kawo mana lantarki daga Katsina ta Gazawa shi ma an katse shi.

Tambayar nan ta daɗe tana ci mini rai, ita ce kuma ta kai ni ga karanta tarihin wata ƴar ƙasa da ke maƙale a tsaunukan Himalaya, wadda ake kira Butan. Na zaɓe ta ne saboda da wuya a sami ƙasar da Allah ya jarraba da maƙwabta kamar ita: Indiya ta kudu, Sin ta arewa, ƙasashe biyu da suka fi kowa yawan jama'a a duniya, kowaccensu da makaman nukiliya, sun kuma taɓa gwabza yaƙi a kan iyaka a 1962. Faɗin Butan bai wuce murabba'in kilomita 38,400 ba, wato jihar Maradi kaɗai ta ɗan fi ta girma, mutanenta kuwa ba su kai 800,000 ba, alhali ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 3 a jiharmu. Ra'ayina shi ne, hanyar da wannan ƙasa ta bi, duk da asarar da ta jawo mata, ta fi dacewa da wanda cikinsa ke ɗaure da ƙofar maƙwabcinsa fiye da hanyar ɗaga murya, kuma mu mutanen Nijar muna da abin dubawa a ciki ko da ba zai yi mana daɗin ji ba.

Sarautar da ke mulkin Butan a yau ta kafu ne a 1907, a hannun Ugyen Wangchuck. Bayan shekara uku, a 1910, ya ƙulla yarjejeniya da Turawan Ingila da ke mulkin Indiya, a kan ba za su sa baki a harkokinsa na cikin gida ba, shi kuma zai bi shawararsu a hulɗarsa da waje. Da Indiya ta sami ƴancin kai sai ta gaji wannan tsari, aka sake rubuta shi a yarjejeniyar abota ta 1949, inda sashe na biyu ya ce Butan za ta yi aiki da shawarar Indiya a harkokinta na waje. Duk ɗan Nijar da ya san irin takardun da aka sa wa hannu da Faransa a farkon shekarun 1960 zai gane warin wannan sashe tun daga nesa. Amma abin da ya biyo baya ne ya nuna wa sarakunan Butan inda haɗarin gaske yake. A 1950 sojojin Sin suka shiga Tibet, ƙasar da Butan take tarayya da ita a addini da kasuwanci da auratayya, a 1959 kuma Dalai Lama, jagoran Tibet, ya tsere zuwa Indiya. Ganin gemun ɗan'uwa ya kama wuta, Butan ta shafa wa nata ruwa, ta rufe iyakarta ta arewa, ta juya fuskarta kudu baki ɗaya. Lokacin da firaministan Indiya Nehru ya ziyarce ta a 1958, a kan dabbobi ya ratsa duwatsu domin babu hanyar mota ko ɗaya. A farkon shekarun 1960 Indiya ta shimfiɗa hanyar farko daga bakin iyaka zuwa Timfu, babban birnin ƙasar, ta kuma turo sojojin da ke horar da dakarun Butan, waɗanda har yau suna can.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai Butan ta sayar da kanta ne kawai. Sai dai akwai wata masarauta a maƙwabtaka, Sikkim, wadda ita ma take ƙarƙashin kariyar Indiya, kuma a 1975 aka tuɓe sarkinta aka mai da ita jiha a cikin Indiya. Butan ba ta faɗa wannan rami ba, dalilin kuwa shi ne tun kafin lokacin ta fara haƙa wa kanta tushe a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta bai wa Delhi hujjar jin tsoro ba. A 1971 ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Indiya ce da kanta ta mara mata baya. Daga nan ta riƙa ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasashen da ba sa tayar wa kowa da hankali, irin su Bangladash da Kuwait da Suwizalan da Japan, waɗanda za su iya ba ta taimako ba tare da sun zo da rigimarsu ba. Har yau ba ta da hulɗar jakadanci da ko ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, wato Amurka da Ingila da Faransa da Rasha da Sin, kuma da gangan ta yi hakan. A 1984 ta fara tattaunawa kai tsaye da Sin a kan iyaka, ba ta bakin Indiya ba, abin da ya nuna cewa sashe na biyu ya fara zama rubutu kawai tun kafin a goge shi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne yadda aka goge shi ɗin. A shekarun 1990 ƴan tawayen jihar Assam ta Indiya sun kafa sansanoni a dazuzzukan kudancin Butan, suna kai hari cikin Indiya su dawo su ɓuya. Da Butan ta bari sojojin Indiya sun shigo sun yi maganinsu, da wuya su sake fita. Da kuma ta yi biris, da ta zama maɓoyar abokan gaban maƙwabcinta. Sarki na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, ya shafe shekaru yana lallashin ƴan tawayen su tashi, da suka ƙi, sai a watan Disamban 2003 ya jagoranci ƴar rundunarsa da kansa suka tarwatsa sansanonin. Bayan shekara uku da ƴan watanni, a Fabrairun 2007, aka sabunta yarjejeniyar abota, aka cire maganar bin shawarar Indiya, aka maye gurbinta da alkawarin cewa kowanne ɓangare ba zai bari a yi amfani da ƙasarsa a cutar da ɗayan ba. Shekara 58 aka yi kafin a cire layi ɗaya daga takarda. Babu taron gangami, babu korar jakada, kuma ba a rufe iyaka ko na kwana ɗaya ba saboda wannan batu.

A fahimtata, sirrin abin shi ne Butan ta gano abu guda da Indiya ke tsoro fiye da kome, ta kuma ƙi taɓa shi. Akwai wani siririn zirin ƙasa kusa da garin Siliguri, wanda faɗinsa a wani wuri bai fi kilomita 22 ba, shi ne kaɗai ya haɗa jihohin arewa maso gabashin Indiya da sauran ƙasar, har Indiyawa ke kiransa wuyan kaza. Tuddan yammacin Butan suna leƙen wannan wuya. Duk ranar da sojan Sin ya zauna a kansu, Indiya ba za ta sake yin barci ba. Butan ta ba ta tabbaci a kan wannan abu ɗaya, a madadinsa ta karɓi kusan duk sauran: tutarta, sarautarta, kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, hanyoyi, makarantu, da madatsun ruwa irin su Chukha da Tala da Mangdechhu, waɗanda Indiya ta ba da kuɗin gina su, take kuma sayen wutar da suke samarwa. Ɗan kasuwar Maradi zai gane wannan ciniki, domin shi ma ya san cewa uban gidan da ke ba ka kaya bashi yana da abu guda da ba ya yafewa, kuma muddin ka kiyaye shi, sauran duk ana iya zama a daidaita.

Ba na son in yi wa mai karatu rufa-rufa, wannan zama yana da ɗaci. A watan Yunin 2012 firaministan Butan na lokacin, Jigme Thinley, ya gana da takwaransa na Sin, Wen Jiabao, a gefen wani taro a birnin Rio na Brazil, abin da ba a taɓa yi ba a wannan mataki. Shi ne kuma ya faɗaɗa hulɗar jakadancin ƙasar cikin gaggawa har ta kai ƙasashe sama da 50. A farkon watan Yulin 2013, ana saura kwanaki a yi zaɓe, Indiya ta janye tallafin da take bayarwa a kan iskar gas ta girki da kananzir. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, magana ta koma bakin murhu, jam'iyyar Thinley ta sha kaye, abokan hamayyarsa ƙarƙashin Tshering Tobgay suka lashe kujeru 32 daga cikin 47, kuma ba a daɗe ba aka dawo da tallafin. Delhi ta ce wa'adin tsarin tallafin ne ya ƙare, ba wani abu ba. Mu da muka ga yadda ake kashe wa gari wuta domin a aika wa shugabanni saƙo, mun san yadda ake karanta irin wannan bayani. Shekara shida ke nan bayan an goge sashe na biyu daga takarda, amma tukunyar gas ta nuna cewa bai gogu daga kicin ba, domin kuɗin Butan, ngultrum, a ɗaure yake da rupin Indiya ɗaya da ɗaya, man da take sha daga Indiya yake zuwa, kayanta kuma ta tashar jirgin ruwan Kalkata suke fita.

Ta ɓangaren arewa ma akwai asara. An yi zaman tattaunawa sau 25 tsakanin Butan da Sin daga 1984 zuwa 2023, har yanzu ba a shata iyaka ba. Tun a shekarun 1990 Sin ta gabatar da tayin musaya: za ta bar wa Butan kwaruruka biyu na arewa masu faɗin murabba'in kilomita 495, ita kuma a bar mata 269 a yamma, ciki har da tudun Doklam. A lissafin awon gona wannan riba ce, amma Doklam na cikin tuddan nan masu leƙen wuyan kaza, don haka Butan ba ta iya karɓa ba. A watan Yunin 2017 Sinawa suka zo da injinan shimfiɗa hanya a Doklam, sojojin Indiya suka tsallako suka tare su, aka yi kwana 73 ana kallon-kallo a kan ƙasar da Butan ke cewa tata ce. Gwamnatin Timfu ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa aikin hanyar ya saɓa wa yarjejeniyoyin 1988 da 1998, ta nemi a koma yadda ake, daga nan ta kame bakinta. Ba ta fito ta ce ita ta gayyato sojojin Indiya ba, ba ta kuma ce ba ita ta gayyato su ba. Wasu sun kira wannan tsoro. Ni kuwa ina ganin shirun ne ya bai wa manyan biyu damar janyewa ba tare da wani ya ji kunya ba, domin da ta ɗauki ɓangare da babbar murya, da a farfajiyarta za a yi damben. Duk da haka hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ƙauyuka da hanyoyin da Sin ta gina daga baya a wuraren da ake taƙaddama a kansu, a 2020 kuma ta ɗaga sabon da'awa a kan gandun dajin Sakteng da ke can gabas. Haƙuri bai hana a ci wa Butan gefen gona ba.

To, da me za a gwada wannan asara? Da abin da ya sami maƙwabciyarta Nefal, wadda sarkin da ya haɗa kanta a ƙarni na 18, Prithvi Narayan Shah, ya kwatanta ta da doya tsakanin duwatsu biyu. Nefal ta fi Butan girma da yawan jama'a nesa ba kusa ba, ta kuma zaɓi ta riƙa nuna wa Indiya sandar Sin duk lokacin da ransu ya ɓaci. A 1988 ta sayi makamai daga Sin. A Maris na 1989, da wa'adin yarjejeniyoyin ciniki da wucewar kaya ya cika, Indiya ta rufe kusan duk ƙofofin iyaka, ta bar biyu kawai, aka yi sama da shekara ana wahalar mai da gishiri da magani, wahalar da ta taimaka wajen boren da ya raba Sarki Birendra da cikakken ikonsa a 1990. A 2015, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta kashe mutum kusan 9,000, aka sake toshe hanyar Birgunj, babbar ƙofar iyakarta da Indiya, kusan wata biyar a kan rikicin sabon tsarin mulki; Indiya ta ce masu zanga-zanga ne suka tare hanya, mutanen Katmandu kuwa da ke girki da itace a tsakiyar hunturu ba su yarda ba. Nefal ta garzaya Beijing ta sa hannu a yarjejeniyar wucewar kaya a 2016, aka yi ta murna, amma tashoshin ruwan Sin da aka ba ta suna nesa da sama da kilomita 3,000, ta kan hanyoyin dutse da ƙanƙara da zaftarewar ƙasa ke rufewa, har gobe kuma mafi yawan cinikinta da Indiya take yi. A nan Afirka ma, Lesoto, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, ta ɗanɗana irin wannan a Janairun 1986: gwamnatin wariyar launin fata ta matse iyaka saboda firaministan Lesoto, Leabua Jonathan, ya ba ƴan gwagwarmayar ANC masu yaƙi da wariyar mafaka, ba a cika wata guda ba sojojinsa suka hamɓarar da shi. Jonathan yana kan gaskiya a wannan batu, amma gaskiyarsa ba ta shigo da buhun masara ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka ina yabon Butan ne a kan kome. Ƙasar da duniya ke yi wa kirari da auna farin cikin jama'a ita ce a farkon shekarun 1990 ta raba mutum kimanin 100,000 masu magana da harshen Nefal da gidajensu, suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira, Indiya kuma ta kawar da kai domin abokiyarta ce ta aikata. Abota da babba takan sayo wa gwamnati rufin asirin da bai kamata ta samu ba. Bashin madatsun ruwa ya yi mata katutu, matasanta masu ilimi kuma suna ta kwarara zuwa Ostareliya. Abin da na ɗauka daga wurinta fasahar zama da maƙwabci ce kurum.

Na san za a ce Nijar ba Butan ba ce, kuma haka ne. Ƙasarmu ta kai murabba'in kilomita 1,267,000, maƙwabtanmu bakwai ne, muna da uraniyom da fetur da zinariya. Amma wanda ke zaune a Maradi ya san cewa yawan maƙwabta a taswira daban, ƙofar da abinci ke shigowa ta cikinta daban. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma a gefenta ne mafi yawan ƴan ƙasar nan suke zaune, suke noma, suke kiwo, suke saye da sayarwa. Farashin naira a bakin ƴan canji ya fi shafar tukunyar matan Maradi fiye da duk wata sanarwa da za ta fito daga Yamai. An rufe mana wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har tsofaffinmu suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 saboda shinkafar fasa-ƙwauri, a lokacin da gwamnatocin biyu ke ɗasawa sosai. Aka kuma rufe ta a 2023, aka haɗa da katse wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Sau uku cikin shekara 40, a ƙarƙashin soja da farar hula, da zaman daɗi da zaman tsiya. Wanda aka rufe wa ƙofa sau uku bai tanadi taga ba, ba maƙwabcinsa kaɗai ke da laifi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Takunkumin 2023 zalunci ne a wurina, domin talakan da bai ɗora kowa a mulki ba, bai kuma sauke kowa ba, shi ne ya rasa magani da wuta, kuma ba na ganin laifin wanda har yau ransa ke ɓace. Na kuma yarda cewa ƙasa tana da haƙƙin ta sake duba kowace yarjejeniya da ta gada daga zamanin da ba ta da bakin magana. Inda nake rabuwa da wasu abokaina shi ne inda suke auna Najeriya da Benin da mudun da suke auna Faransa. Ƙasar da ke bayan teku ana iya sallamarta, gobe a nemo wata. Maƙwabci kuwa ba ya tashi. CEDEAO ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu saboda dalilan tsaro da hukumomi suka bayar. Kayan da a da suke tasowa daga Kwatano suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, a shafe makonni, kuma kowane kwana da mota ta ƙara a hanya ana tsintar kuɗinsa a farashin shinkafa da man girki a babbar kasuwar Maradi. Bututun fetur ɗinmu mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya taso daga Agadem, a gaɓar tekun Benin ɗin nan yake ƙarewa. Hanyar Lome ita ce tashoshin ruwan Sin na Nefal: tana da amfani a matsayin ƙofa ta biyu, amma ba ta gaji ta farko ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna riƙe da jarin da Butan ba ta da ko kwatankwacinsa. Ba'indiye da ɗan Butan ba harshe ɗaya suke yi ba, mu kuwa sarkinmu har yau Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka kafa Maradi bayan jihadi, kuma da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da ɗa ko suruki a Katsina ko Daura ko Kano. A Agustan 2023, lokacin da ake kaɗa gangar yaƙi, majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, ƴan majalisar arewa suka tsaya kai da fata, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya zo Yamai tare da Sarkin Damagaram, tawagar malamai ta biyo baya. Zumunci ne ya tare harsashi a wannan wata. Magabatanmu sun san darajar wannan jari. Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Najeriya a yaƙin Biyafara alhali Faransa ta karkata ga ɗaya ɓangaren, wato ya gane wuyan kazar maƙwabcinsa ya kiyaye shi, kuma a bayan haka ne aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya a 1971, mai hedikwata a Yamai. Wutar da ake ba mu ma ba sadaka ba ce: jami'an Najeriya da kansu sun sha faɗin cewa ana ba mu ita ne domin kada mu datse kogin Kwara mu rage ruwan da ke isa madatsarsu ta Kainji. Ke nan muna da abin ɗorawa a kan faifai in an zauna ciniki.

Don haka abin da nake fata daga masu riƙe da ragamar ƙasa, ko su wane ne, abu ne marar armashi a bakin mai jawabi. Ina so a raya hukumar nan ta 1971 ta riƙa zama a kai a kai ko da shugabanni ba sa ga maciji, kamar yadda Butan da Sin suka yi ta zama shekara da shekaru alhali ko jakada ba su yi musaya ba. Ziyarar da ministan harkokin wajen Najeriya ya kawo Yamai a Afrilun 2025 ta nuna cewa ƙofar ba ta kulle ba. Ina so a nemi rubutacciyar yarjejeniya da Najeriya da Benin wadda za ta fitar da abinci da magani da lantarki daga cikin abin da ake faɗa da shi, tunda dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta riga ta amince wa ƙasashen da ba su da gaɓa da haƙƙin wucewa zuwa teku, kuma ficewarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ta sa irin wannan takarda ta zama dole. A madadinta mu ba su tabbaci a kan abin da suke tsoro, wato ƴan bindigar da ke yawo a dajin da ke tsakanin Madarunfa da Jibiya da Zamfara, waɗanda mu ma mutanenmu suke sacewa. Sannan a yi aikin taga cikin shiru: a ƙarasa madatsar Kandaji, a yawaita tashoshin hasken rana irin ta Goru Banda har su iso nan tsakiyar ƙasa, a cika rumbunan tsimi tun da kaka. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, zai zame mana abin da hanyar Timfu ta zame wa Butan, arziki da igiya a lokaci guda, kuma gara a tattauna sharuɗɗansa tun jirgin bai iso ba.

Ayar Kawu ba ta jira an buɗe iyaka ba. Bayan kwana goma sha wani abu ya sa aka sauke ta a wani shago a Ɗan Isa, aka shanya wadda ta jiƙe, aka zubar da wadda ta yi fumfuna, sauran kuma yara masu babura suka riƙa ɗaukar buhu bibbiyu suna bi ta gonaki da dare zuwa wancan gefe, kowane buhu da ladansa da kuma na waɗanda ake tararwa a hanya. Wanda ya karɓi kayan a Jibiya abokin cinikinsa ne na shekara 30, ɗansa kuma yana auren ƴar ƙanwar Kawu. Bai rage masa ko sisi a kan farashin da suka yi tun kafin rufewar ba, ya kuma aiko masa da kuɗin ta hannun wani ɗan canji, tare da katan ɗin maganin hawan jini da Inna take sha, wanda a lokacin ya yanke a Maradi.